Yawon keke a ƙauyukan Faransa inda mota ba ta bi: tambayoyi da amsoshi

A Faransa mutum zai iya ɗaure jakarsa a bayan keke, ya yi mako guda yana tafiya daga gari zuwa gari, bai haɗa hanya da mota ba sai jefi-jefi. Iyalai suna yi da 'ya'yansu, tsofaffin da suka ajiye aiki suna yi, baƙi daga Jamus da Ingila da Holan suna cika hanyoyin duk lokacin zafi. Ga bayanin yadda abin yake.

Wace irin hanya ce wannan?

Faransawa suna ce mata voie verte, kuma tun shekarar 2004 ta shiga dokar hanya ta ƙasar a matsayin hanyar da aka keɓe wa masu tafiya a ƙafa da masu keke da sauran abin hawan da ba shi da inji. Faɗinta yakan kai mita uku, wani wuri kwalta, wani wuri tsakuwar da aka daddaɓe. A bakinta akan kafa turaku ko shinge don kada mota ta kutsa.

Sai dai a lura da kyau. Akwai kuma abin da suke kira véloroute, wato doguwar hanyar keke mai alamomi, wadda ake haɗawa gaɓa-gaɓa: nan keɓaɓɓiyar hanya, can kuma ƙaramin titin ƙauye da ake rabawa da motoci da taraktocin manoma. Yawancin manyan hanyoyin da ake tallatawa irin wannan ne. Wanda zai tafi da ƙananan yara, ko wanda ƙarar mota a bayansa ke firgita shi, ya duba taswira zango-zango kafin ya tashi, kada ya dogara da sunan hanya kawai.

Ina aka samo filin da aka shimfiɗa su?

Gado ne aka ci daga tsofaffin hanyoyin sufuri biyu. Na farko layin dogo. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa ta kai dogo har cikin ƙananan garuruwa, musamman bayan shirin minista Freycinet na 1879. Da mota ta yi ƙarfi a ƙarni na 20, aka yi ta rufe waɗannan ƙananan layuka, aka kwashe ƙarafa, ciyawa ta rufe wurin. Amma gadoji da ramukan da aka fasa cikin duwatsu da tsofaffin tashoshi suna nan. Kuma tun da jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsini, injiniyoyin wancan zamani sun riga sun sassaƙe hanyar yadda hawanta da gangararta ba sa wahalar da kowa.

Na biyu gefen hanyoyin ruwa da aka haƙa domin jiragen dakon kaya, wato kanal. Kafin zuwan inji, dawakai da alfadarai ne, wani lokaci ma mutane, suke jan jiragen da igiya daga gaɓa. Turbar da suke bi ita ce yau ta zama ta masu keke, shimfiɗe kamar faifai, ba tudu sai inda ake ɗaga jirgi ko sauke shi a ƙofofin ruwa.

Wadda ake ambata a matsayin ta farko a ƙasar ita ce ta Givry zuwa Cluny a kudancin yankin Burgundi, kilomita 44 a kan tsohon layin dogo, da aka buɗe a 1997. Tana ratsa gonakin inabi da makiyayar fararen shanu, ta isa Cluny, inda aka kafa shahararren gidan sufayen Kirista a shekarar 910. Gaba da Cluny, a hanyar Mâcon, akwai ramin Bois Clair mai tsawon kilomita 1.6. Ko ana tsakiyar zafi, da ka shiga sai sanyi ya buge ka, ruwa na ɗiga daga sama, ƙarar tayarka na dawo maka. Lokacin hunturu ana rufe shi gaba ɗaya saboda jemagun da ke kwanciya a ciki, sai mai keke ya zagaya ta kan tudu. A nan ne zai san darajar aikin masu dogo.

Wacce ta fi dacewa da mai farawa?

A ganina, hanyar Bordeaux zuwa Toulouse, kimanin kilomita 270. Daga wajen Bordeaux ana kama tsohon layin dogo da aka sa wa sunan Roger Lapébie, wanda ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1937, har zuwa Sauveterre-de-Guyenne. Daga nan akwai ɗan guntun da ake bin titunan ƙauye masu hawa da sauka, sannan a faɗa gefen Canal de Garonne, mai tsawon kilomita 193. Kusan duka kwalta ce, ga inuwar manyan bishiyoyi hagu da dama. A Agen kanal ɗin kansa yana tsallake kogin Garonne a kan gadar dutse mai baka 23: ruwa a sama, ruwa a ƙasa, kai kuma kana tura keke a gefe. Gaba kaɗan sai Moissac, garin inabin ci.

Aibinta ɗaya: wani zai ce ta cika miƙewa. Sa'o'i ana kallon ruwa kore da jerin itatuwa iri ɗaya. Maganinsa a riƙa ratsewa cikin ƙauyuka, musamman ranar kasuwa.

To Canal du Midi fa, ba ita ta fi suna ba?

Ta fi suna, kuma ta cancanta. Pierre-Paul Riquet, ɗan garin Béziers mai karɓar harajin gishiri, shi ya shawo kan Sarki Louis na 14 da ministansa Colbert cewa za a iya haɗa Toulouse da Bahar Rum ta ruwa. Abin da ya gagari na gabansa shi ne yadda za a kai ruwa wuri mafi tudu a hanyar. Riquet ya tattaro ƙoramun dutsen Montagne Noire, ya tara su a tafkin Saint-Ferréol, ya janyo su zuwa Naurouze, inda ruwan ke rabuwa biyu, wani ya nufi Atlantika, wani Bahar Rum. Sarki ya ba da izinin aikin a 1666, aka gama a 1681, tsawon kilomita 240. Riquet ya zuba dukiyarsa a ciki, ya rasu a 1680, saura 'yan watanni a buɗe. UNESCO ta sa kanal ɗin cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Amma ga mai keke, labarin ya ɗan bambanta. Daga Toulouse akwai kwalta na kusan kilomita 50. Bayan nan wurare da yawa turbar ƙasa ce, ga saiwoyin itace sun turo, in an yi ruwa kuma sai taɓo. Ana gyarawa sannu a hankali, amma keke mai siririyar taya zai sha wuya. Sannan inuwar da aka san ta da ita ta ragu sosai. Bishiyoyi kimanin 42,000 ne na nau'in da suke kira platane a gefenta, sai wata cutar da ba ta da magani ta ɓulla a 2006, dole aka sare dubbai aka ƙone. Ana dasa wasu nau'o'i, sai dai bishiya ba ta girma a kwana ɗaya. Duk da haka, ganuwar Carcassonne da matattakalar ƙofofin ruwa ta Fonseranes a Béziers sun isa a sha ƙurar dominsu.

Hanyar kogin Loire da ake yawan magana?

La Loire à Vélo kimanin kilomita 900 ce, daga wajen Nevers zuwa bakin teku a Saint-Brevin-les-Pins, ta Orléans, Blois, Tours, Saumur da Nantes. Yanki ce ta EuroVelo 6, doguwar hanyar keke da ta ratsa ƙasashen Turai har Bahar Aswad. Abin da ke jan mutane fadojin sarakuna ne, irin Chambord da Sarki François na 1 ya fara ginawa a 1519, da Amboise, da Chenonceau wadda ke zaune a kan kogin Cher. Ba duka ce keɓaɓɓiya ba. Rabo mai yawa ƙananan tituna ne, ko da yake motoci ba su da yawa a kansu. Iska ta fi kaɗawa daga yamma, saboda haka mai nufar teku yakan yi karo da ita.

Wanda ya fi son teku kuma ya duba La Vélodyssée, fiye da kilomita 1,200 daga Roscoff zuwa Hendaye a iyakar Sifaniya, wadda sama da kashi biyu bisa ukunta ba mota. Ita ce ke ratsa dajin Landes, wanda yawancinsa dasa shi aka yi bayan dokar 1857.

Sai mai ƙarfi ne zai iya?

A'a. Kilomita 40 zuwa 60 a rana ya ishi wanda bai saba ba, har ya sami lokacin zama. Abin da ke fara ciwo ba ƙafa ba ce, mazaunai ne, don haka sirdi mai kyau ya fi komai. Ana hayar keke a manyan garuruwan hanya, har da mai batir, wanda doka ta ce injinsa ya daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Kayan faci da famfo kada su bar jaka.

Jiragen ƙasa na yanki, TER, suna ɗaukar keke, galibi kyauta, amma lokacin zafi wasu yankuna sai an kama wuri tukuna. Jirgi mai gudu na TGV sai an biya wa keke wuri, kuma ba kowanne ke ɗauka ba.

Kwana da abinci da ruwa?

A nemi tambarin Accueil Vélo. Masauki ko sansanin tanti ko gidan abincin da ke ɗauke da shi bai wuce kilomita 5 daga hanya ba, kuma yana da wurin kulle keke. Garuruwa da yawa suna da sansanin tanti na ƙaramar hukuma, shi ya fi araha. Kafa tanti a duk inda dare ya yi yana da ƙa'idoji, kuma an hana a bakin teku da kusa da wuraren tarihi.

Abin da ke kama baƙo shi ne lokacin kantuna. A ƙauye ana rufewa da tsakar rana har wajen ƙarfe biyu ko uku, Lahadi da yamma ba kowa, wasu ma Litinin ba sa buɗewa. Mai hankali tun da safe yake sayen burodi da cuku da 'ya'yan itace. Ruwa kuwa, masu keke sun san sirrin: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa domin masu ban ruwan furanni. In an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne.

Musulmi ya san cewa naman alade ya yi yawa a abincin ƙauye. Kalmomin porc, jambon da lardons duk shi ne, kuma akan dafa wasu miyar da barasa, sai a tambaya. Mahautan halal da masallatai a manyan garuruwa suke, irin Toulouse, Bordeaux, Tours da Nantes. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar kuma sai da bizar Schengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai.

Wane lokaci ya fi, kuma wace doka za a kiyaye?

Mayu, Yuni da Satumba. Yuli da Agusta hutun makaranta ne, masauki na cika, kuɗi na tashi, a kudu kuma zafi kan wuce digiri 35. A kwarin kogin Rhône, inda hanyar keke ta ViaRhôna ta bi, iskar mistral daga arewa take zuwa, don haka daga arewa zuwa kudu ake tafiya in ana son sauƙi.

Ana bin hannun dama. Yaro ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano tun 2017, ko shi ke tuƙi ko goyo ne. An hana sa abin sauraro a kunne ana tuƙi. Da dare ko cikin hazo a wajen gari, sai da fitila da riga mai ƙyalli. A kan voie verte mai ƙafa ne ke da fifiko, a kaɗa masa ƙararrawa tun daga nesa. Wurin da ya fi haɗari shi ne inda hanyar ta tsallaka titin mota: bayan awa biyu ba ka ji ƙarar inji ba, hankali yakan kwanta, kuma a yawancin mahaɗun nan mai keke ne doka ta ce ya tsaya.