Taurin jijiyoyin jini a jikin matasa masu lafiya

Taurin jijiyoyin jini shi ne raguwar laushin manyan jijiyoyin da ke kwasar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, musamman babbar jijiyar da ta taso daga zuciya ta gangara ta ƙirji zuwa ciki. A jikin matashi mai lafiya jijiyar nan kamar sabuwar roba take: zuciya na bugawa jijiyar ta buɗe, zuciya na sakin bugun jijiyar ta koma yadda take. Sinadarin da ke ba ta laushin nan, ilastin, tun ƙuruciya jiki ke gina yawancinsa, kuma ba ya sabunta shi sosai, shi ya sa jijiya ke ƙara tauri da shekaru.

Yadda ake auna shi

Awon da likitoci suka fi yarda da shi shi ne na saurin tafiyar bugun jini daga jijiyar wuya zuwa ta gindin cinya, wanda suke taƙaitawa da PWV. Mutum zai kwanta rigingine ya huta kamar minti 10, a ɗora na'ura irin SphygmoCor ko Complior a wuraren biyu, a auna tazarar da tef, a raba ta da lokacin da bugun ya ɗauka. Gwargwadon taurin jijiya, gwargwadon saurin bugun. Ana son mutum ya kauce wa abinci, sigari da duk abin da ke da sinadarin caffeine, irin su kofi, na awa 3 kafin awon. A Gusau ko Birnin Kebbi wannan ya haɗa da shayin safe da goro.

Ma'aunin lafiya

Alƙaluman da aka fi dogaro da su sun fito ne a 2010, daga wani nazari da ya tattara awon mutum sama da 16,000 a ƙasashen Turai 8. Cikin waɗanda ba su da hawan jini ko wata matsala, 'yan ƙasa da shekara 30 matsakaicin saurinsu mita 6.2 ne a daƙiƙa, kuma kusan dukkansu suna tsakanin 4.7 da 7.6. 'Yan 30 zuwa 39 kuwa 6.5. Daga shekara 60 ne yake haura 10.

Mita 10 ɗin nan ita ce iyakar da ƙa'idojin hawan jini na Turai suka ɗauka a 2013 a matsayin alamar lahani. Amma ba ta yi wa matashi adalci ba. Ɗan shekara 24 da aka auna aka samu 9 bai kai iyakar ba, alhali ya wuce tsaransa nesa. Da sa'o'insa ya kamata a gwada shi, a kuma duba hawan jininsa a lokacin, domin jini na hawa saurin ke ƙaruwa. Awon da ake yi daga hannu zuwa idon sawu, wanda ya yaɗu a Japan, lambobinsa sun fi girma, ba a haɗa su da waɗannan.

Turawa aka auna aka fitar da alƙaluman, don haka ba lallai su zauna daidai a kan Bahaushe ko Bafulatani ba. A Afirka ta Kudu, nazarin African-PREDICT yana bin matasa kusan 1,200, baƙaƙe da farare, waɗanda aka ɗauka suna shekara 20 zuwa 30, don gano yadda hawan jini ke somawa.

Abin da ke taurara jijiya da wuri

Hawan jini ne kan gaba, sai ciwon suga, ciwon ƙoda, ƙiba, sigari da yawan gishiri, har da na dunƙulen miya. Zamfara na da nata dalilin na daban. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta, ta kashe yara kimanin 400. Dalma na ɗaga hawan jini tana kuma taɓa ƙoda, kuma yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata, sun cancanci a riƙa duba jininsu da ƙodarsu ko da ba sa kukan komai.