Lambun tsakar gida a Sakkwato: tambayoyi kan shuka, ruwa da halittun da ke kawo ziyara

Yaushe ya fi dacewa a fara lambun gida a Sakkwato?

Da zarar damina ta ɗauke, wato daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Tumatir, albasa, latas, karas da kabeji duk amfanin sanyi ne, kuma hunturu ne kaɗai lokacin da suke samun sanyin da suke so a nan. Wanda ya makara har Janairu zai tarar tumatirinsa na fure a watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A irin wannan zafin furen yakan bushe ya zube kafin ya ƙulla ɗa, sai mutum ya ga ganye shar amma babu abin tsinka. Bazara ta kuɓewa ce da alayyafo da zogale. Yakuwa da rama kuwa a bar su sai damina, daga Yuni zuwa Satumba.

Tsakar gidanmu siminti ne, ba wurin haƙa. Ya za a yi?

A yi shuka cikin buhu. A samo buhun shinkafa ko na masara, a naɗe bakinsa ya rage tsawon kamu biyu, a huda ramuka shida zuwa takwas a gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa kwano biyu da ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya har buhun ya cika. Ƙasar jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, laka ta fadama zalla kuma takan daskare ta tsage, don haka a gauraya su rabi da rabi. Gindin tumatir ɗaya ya ishi buhu ɗaya. A ɗora buhun kan bulo, domin siminti na ɗaukar zafi da rana ya dafa saiwar.

Batun taki yana bukatar kula. Kashin awaki ko na shanu da aka kwaso yanzu daga turke yana ƙone saiwa, yana kuma jawo gara. A tara shi wuri ɗaya, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu har wata biyu ko uku. Idan ya yi baƙi, ya daina wari, an cusa hannu ba a ji ɗumi ba, ya nuna.

Ruwa na wahala a unguwarmu. Ruwan wanka zai yi?

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye suna yi sarai. Na wanka da sabulun gari yana yi wa itatuwa kamar zogale da lemun tsami, amma kada a zuba wa ganyen da ake ci ɗanye irin su latas. Ruwan wanki da omo ko bilic a zubar da shi nesa: gishirin da ke cikinsa na taruwa a ƙasa, sai a ga farin ɓawo a sama, bakin ganye na ƙonewa.

Dabara mafi tsimin ruwa ita ce tulu. A binne tulun ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba har wuyansa, a shuka a kewayensa tazarar taƙi ɗaya, a cika shi da ruwa a rufe bakin saboda sauro. Ruwan na zufa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, sai a ƙara bayan kwana biyu ko uku. A kuma shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a gindin shuka.

Me ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya ruɓe tun yana kan uwarsa?

Mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce su sayo magani, alhali ban ruwa ne bai daidaita ba. Yau ƙasa ta bushe ƙamas, gobe a malale ta, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan. A tsayar da lokaci guda, da sassafe, a kuma zuba daidai gwargwado kullum. Nannaɗewar ganye da rawaya kuwa cuta ce da ƙananan fararen ƙudaje ke yaɗawa. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, a cire ta a ƙone. Don korar ƙudajen, a daka ƙwayar 'ya'yan dogon yaro giram 50, a jiƙa cikin ruwa lita ɗaya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye duk mako.

Ƙadangaru da tsuntsaye sun addabi lambun. A kashe su?

Ƙadangare yakan cinye tsiron da ya fito, musamman da rani da babu wani kore a gari, amma da zarar shuka ta yi ƙwari sai ya koma kan kwari. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura kan sanduna huɗu na makonni ukun farko ya wadatar. Kwaɗo da bushiya da hawainiya kuwa ma'aikata ne na kyauta, kwari da tsutsa suke ci. Tsuntsun da ke saran nunannen tumatir da rani sau da yawa ƙishirwa ke damunsa. A ajiye kasko mai ruwa kaɗan a inuwa, a sa dutse a ciki, a riƙa sauya ruwan kullum. Kurciya da hasbiya za su zama 'yan gida.

Mai son kallon tsuntsaye ina zai nufa, kuma yaushe?

Fadamun Gulbin Rima wajen Kwalkwalawa, Tafkin Kware da madatsar ruwa ta Goronyo, daga fitowar rana zuwa hantsi. Balbela da zalɓe na nan kusan kowane lokaci. Daga Oktoba zuwa Maris akwai baƙi daga Turai, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo, waɗanda ke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan. Shamuwa tata tafiyar daban ce: takan iso gab da damina, ta yi sheƙa kan manyan itatuwan cikin gari, ta ci fara, sannan ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. A sa tufafi marasa haske, a bar rana a baya, kuma a nemi izinin mai gona kafin a ratsa masa fangalin albasa.