Gyaran karyayyen turken roba a murfin babur

Turken roba wani ɗan tsini ne da ake ƙerawa tare da murfin jikin babur ta ciki. Yana shiga cikin zoben roba mai laushi da ke jikin firam, ko kuma a ɗaura masa noti, shi ne yake riƙe murfin kada ya riƙa kaɗawa. Yawanci daga gindi yake karyewa, domin nan ne duk girgizar tafiya take taruwa. Faɗuwar babur, ɗaure noti fiye da kima, da fizgo murfin a karkace lokacin kwancewa su ne suka fi jawo karyewar.

Kafin a taɓa gam, sai an san irin robar. Masu ƙera babur sukan buga alamarta a bayan murfin, kamar >ABS< ko >PP<, wato gajerun sunayen nau'o'in roba. Idan babu alama, a yanki ɗan ƙanƙani a jefa cikin ruwa: PP takan taso sama, ABS kuwa ta nutse.

Galibin murafan da ake fentawa na ABS ne, kuma ita ce mai sauƙin gyara, saboda sinadarin asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, yana narkar da ita. Ana yayyanka guntayen ABS a zuba cikin kwalbar gilashi, a sa asiton, a rufe har su zama kamar kunu mai kauri. Sai a goge wurin da samfefa, a share maiƙo, a jiƙa bakin karayar biyu da asiton a haɗa su, sannan a shafa narkakkiyar robar kewaye da gindin. A shafa kaɗan, a bari ya bushe, a ƙara; idan aka lafta da yawa a lokaci guda, sama ta bushe ciki na nan da laushi. Asiton yana kama wuta da sauri kuma yana ɓata fenti, don haka a yi aikin a inda iska ke ratsawa.

PP ba ta jin asiton, yawancin gam ma ba ya kama ta. Sai dai a yi mata walda da ƙarfe mai zafi, a narka wata PP ɗin a kai, a binne 'yar ragar waya a gindin don ƙarin ƙarfi. PP tana narkewa a wajen digiri 160 na ma'aunin Salsiyas, zafi in ya yi yawa kuma fuskar murfin ta lotsa.

Gam mai saurin kamawa shi kaɗai ba ya daɗewa a nan, yana da gautsi, girgiza kuma tana tsinka shi. Idan turken ya ɓace gaba ɗaya, akan ɗauki siffar ɗan'uwansa na ɗaya gefen a zuba sabo, ko a yanko daga wani mataccen murfi.

Tun haɗin bai gama ƙarfi ba ake gwada murfin a jikin babur a hankali, domin turken da ya karkace ko da kaɗan ne zai riƙa shiga zoben da tilas. Bayan ya kwana ya bushe sosai, a shafa wa zoben man silikon ko ruwan sabulu kafin a tura shi.