Waiwaye: Kafin a zo maganar dokar tarbiyya a makarantu

Kwanakin nan duk majalisar da ka zauna a ƙauyukanmu na Jigawa, daga ƙofar masallaci har teburin mai shayi, zancen ɗaya ne: yara sun lalace, a yi doka a tilasta koyar da tarbiyya a makarantun gwamnati. Ana kawo misali da shaye-shaye da ƙwacen waya, kamar dai jiya abin ya faɗo daga sama.

An daɗe ana wannan fafutuka. A 1976 aka ƙaddamar da UPE, firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa fiye da hasashe. A 1984 aka yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Dokar UBE, ta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole, ta zo a 2004, shekarar da Kano ta fito da shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Daga baya aka sa darasin zama ɗan ƙasa nagari a manhaja, aka haɗe shi da darasin addini, aka yi ta cece-kuce, har aka raba su a 2017.

Amma akwai wata kwana da aka sha, ba a cika tuna ta ba: shuɗewar kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Grade II, irin ta Wudil, bayan da NCE, takardar kammala kwalejin ilimi, ta zama mafi ƙarancin takardar koyarwa. Ban ce NCE ba ta da amfani ba. Sai dai waɗancan kwalejoji na kwana ne, yaro kan shafe shekaru biyar ana gyara shi kansa, tun daga tashin asuba zuwa yadda zai tsaya gaban aji, kafin a danƙa masa 'ya'yan mutane.

In ya gama aka tura shi ƙauye, a nan yake tarewa. Na tuna malaminmu da safe a layi, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana duba farce da haƙora. Da magariba kuma ga shi a sahu ɗaya da mahaifinka. In ya gan ka kana gararamba bayan isha, ba sai ya jira gobe ba. Iyaye kan kawo yaro su ce, "Malam, ga amana nan," kuma malam ya san nauyin kalmar, don tuwon gidan nan yake ci.

Yau malami a kan babur yake zuwa daga hedikwatar ƙaramar hukuma, da azahar ya juya. Ba laifinsa ba ne, kuɗin mai ya cinye albashin, ajin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sunayen rabin yaran bai riƙe ba, balle ya san iyayensu. Shi za a miƙa wa sabuwar dokar ya aiwatar. Gidan malaman da ke bayan makarantarmu kuwa rufinsa ya daɗe da yayewa, awaki ke kwana a ciki.