Waiwaye: Daga ina boka mai jan ƙyalle ya shigo fim da littafin Hausa?

Tun watan Mayun 2024, da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idojin taƙaita nuna tsafin kuɗi da kisan tsafi, maganar ba ta kwanta ba. A majalisun Bauchi da Gombe, har da shagunan masu tura fim a waya na Wunti da Jekadafari, ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa masu fim da marubuta sun dawo da maguzanci ta bayan gida, yara suna koyon hanyar gidan boka daga waya. Wasu na cewa ai tarihinmu ne, kuma kusan kullum boka ne ke tozarta a ƙarshen labari. Ɓangarorin biyu sun haɗu a zato guda, wai abin da ake nunawa shi ne addinin kakanni kafin Musulunci. Wanda ya san bori, ya kuma san yadda ake ɗaukar fim, ba zai yarda da wannan zaton ba.

Tarihin farko sananne ne: Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, jihadin 1804, da 'yan tarun Nana Asma'u da suka janye mata daga dandalin bori zuwa karatu. A nan gabas Yakubu ya kafa Bauchi, Buba Yero ya kafa Gombe, a tsakiyar ƙabilu masu nasu dodanni da wuraren bauta a kan duwatsu. Turawa ma sun hana bori a farkon mulkinsu. Bai mutu ba, ya dai koma cikin gidaje da bayan gari.

Littafin boko kuwa tare da aljanu ya buɗe ido. A gasar rubutu ta 1933, Ruwan Bagaja da Ganɗoki duk sun shiga duniyar aljanu, amma irin ta Dare Dubu da Ɗaya, ba iskokin birnin Jangare da 'yan bori suka sani ba. Jiki Magayi ne ya fi kusantar gida: saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ya bazama neman asirin ramuwa, asirin ya ci har da wanda bai ji ba bai gani ba. Shi kuwa malamin makarantar Midil ta Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar a kan cinikin bayi da neman ilimi, labarin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da boka ya tallafe shi ba, har aka mayar da shi fim a 1976.

Inda abin ya juya, kuma ba a cika waiwayarsa ba, shi ne daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000. Fim ɗin bidiyo na Hausa yana jariri a lokacin, domin Turmin Danya a 1990 ya fito. Masu shirya shi ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne da 'yan kasuwa masu ɗan jari, kyamara ɗaya, kwanaki kaɗan a lokeshin. Duk abin da zai ci kuɗi ko lokaci, gudunsa ake yi.

A lissafa abin da ake buƙata in za a nuna bori na gaskiya. Sai an nemo mai garaya ko mai goge, da masu kaɗa buta ko ƙwarya, da mai kirari. Kowane iska da takensa da kirarinsa da tufafinsa. Malam Alhaji tsoho ne mai farin kaya, yana tafiya a duƙe yana tari. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da caca da kyauta. Kuturu yana zuwa da yatsu a naɗe. Sarkin Rafi da haukansa yake zuwa, ya yi tsalle ya dira a kan ɗuwawu. Inna ita ce ake jingina wa shanyewar hannu da ƙafa. Wanda iska ya hau ana ce masa doki, mace goɗiya, kuma saukar iskan da atishawa take. Kafin mutum ya kai nan sai an yi masa girka ta kwanaki a killace. Ɗan wasan da bai taɓa zama a dandali ba ba zai iya kwaikwayon ko ɗaya ba, masu garayar kuma kuɗi za a biya su, ga jama'ar da za a tara a ciyar. Ga kuma tsoro: 'yan wasa da yawa ba za su yarda a kaɗa taken iska a kansu ba, ko da wasa.

Sai ga hanya mai arha ta samu, an harhaɗo ta daga wurare uku. Kamannin bokan daga fina-finan kudu aka aro su, waɗanda suka cika kasuwa bayan Living in Bondage na 1992: jan ƙyalle, ƙoƙon kai, farar ƙasa a ido ɗaya, tukunya mai hayaƙi, dariya mai amsa-kuwwa. Muryar aljanin da tsarin ƙarshen labari kuwa daga kaset suka zo. A tsakiyar shekarun 1990 an yi ta samun 'yan matan sakandare a Kano suna faɗuwa rukuni-rukuni ana cewa aljanu ne, malaman ruƙiyya suka shiga aiki, aka naɗi zaman a kaset ya bazu kasuwannin Arewa. Kunnen jama'a ya saba da tambayoyin nan: wane ne kai, wa ya turo ka, ta ina ka shiga, za ka fita ko sai an ƙona ka? Marubucin fim ya samu fitowarsa ta ƙarshe a shirye. Na uku shi ne kwamfutar haɗa hoto, wadda ta maye gurbin haɗawa daga bidiyo zuwa bidiyo, ta sa dabarun da ake gani a fina-finan macizai na Indiya suka zo hannun kowane edita.

Dabarar ɓacewar boka ba ta da wuya. A kafa kyamara a kan ƙafarta, a ɗaure ta tamau, a kashe abin da ke daidaita haske da kansa. Ɗan wasa ya ɗaga hannu ya tsaya cak, ya fice, a bar kyamara ta ci gaba da ɗaukar wurin babu kowa na daƙiƙa biyar zuwa goma. Edita ya yanke fitar, ya narkar da hoton farko cikin na biyu. Bidiyonmu hoto 25 yake ɗauka a daƙiƙa, don haka narkewar hoto 12, kusan rabin daƙiƙa, ta isa. Abin da ke tona asiri uku ne: wani ya taɓa ƙafar kyamara sai bango ya yi tsalle, ko iska ta kaɗa ganyen da ke baya, ko a yi jinkirin minti goma a waje inuwa ta matsa. Shi ya sa ɗakin boka kullum kogo ne ko bukka mai duhu, inda babu rana babu ganye. Hayaƙin turaren wuta ne a kan garwashi, da fitila a bayansa, domin in hasken ya zo ta gaba hayaƙin ba ya fitowa. Murya a sauke ta ƙasa a ƙara mata amsa-kuwwa, in aka zarce kalmomin su cakuɗe, mai kallo ya kasa jin sharaɗin da boka ya gindaya. Da koren ƙyalle ya shigo, wanda ake shimfiɗawa a bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto a kwamfuta, sai sabuwar matsala: in ɗan wasa bai matsa kamar mita biyu daga ƙyallen ba, koren ya zubo a kan farar rigarsa, gefen jikinsa ya cinye. Duk da haka, mutum ɗaya da ɗaki ɗaya da rabin yini sun gama aikin.

Arhar ba ta tsaya ga kyamara ba, ta shiga alƙalami. In marubuci yana son nuna yadda miji ya juya wa uwargida baya, sai ya gina fitowa takwas ko goma: gajiyar zama, zugar dangi, matsin aljihu, kissar amarya. Da boka fitowa ɗaya ta wadatar. A kawo baƙin bunsuru da ƙasar sawu da gashin kai, a ba da ƙulli a barbaɗa a miya, shi ke nan mallaka ta kama. Ana son raba masoya, farraƙu. Ana son kawar da magaji daga gari, kurciya. A ganina nan ne babbar asarar take, domin labarin ya daina tambayar me ya sa mutum ya yi abin da ya yi. Mijin da ya zalunci iyalinsa ya tashi ba shi da laifi, an yi masa sammu ne.

Da yanayin shari'a ya shigo daga 2000, masu fim suka ƙara takatsantsan. Ba furodusan da zai tara masu garaya a ce yana tallar bori, amma boka mai ƙaho da ke ƙonewa in an karanta aya ba wanda zai ce yabonsa ake yi. Ta haka na gaskiyar ya ƙara nisa da allo, na ƙirƙirar ya samu wurin zama. Littattafan yaƙi da ake haya a shaguna suka bi sahu da madubin tsafi da matsafa masu rundunar aljanu, a birane masu sunayen da ba a taɓa ji a ƙasar Hausa ba.

Mu a Bauchi da Gombe akwai abin da ya shafe mu fiye da Kano. In za a nuna mugu sai a ɗaura masa fata da ganye, a shafa masa toka, a ajiye shi a gindin dutse. Irin wannan shigar tana kama da ta raye-rayen bukukuwan maƙwabtanmu na Dass da Bogoro da Kaltungo da Billiri, mutanen da yawancinsu yau Kirista ne ko Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya. Haka ma mai maganin gargajiya da sana'arsa sassaƙe da saiwa ce, na basir da shawara da ɗaurin karaya, ya wayi gari yara suna kallonsa da idon bokan fim.

Ƙa'idar 2024 za ta iya kaiwa ga fim ɗin da aka kai a tace. Amma kasuwar ta riga ta ƙaura. Littafin yanzu shafi-shafi ake sakinsa a WhatsApp ga waɗanda suka biya, kowane shafi sai ya ƙare da abin da zai hana barci, kuma ba abin da ya kai sabon asiri saurin samar da wannan. Daga nan wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube, da makirufo ɗaya da hoton boka guda da kwamfuta ta zana, ba lokeshin, ba ɗan wasa, ba ko kuɗin turaren wuta.