Waiwaye: Yadda ma'aikacin Najeriya ya samu damar auna kamfanonin fansho

Kafin shekarar 2004, tambayar wane asusun fansho ya fi riba ba ta ma taso ba a Najeriya, domin babu asusun da za a auna. Ma'aikacin gwamnati yana aiki ne bisa alkawarin cewa in ya ajiye aiki za a biya shi garatuti da fansho daga kasafin kuɗin shekarar. Ba a tara komai a gefe. In aljihun gwamnati ya yi nauyi a biya, in an shiga kanta a ce a yi haƙuri. Da haka bashi ya taru har aka ƙiyasta shi da kusan naira tiriliyan 2, tsofaffi suka riƙa wuni a layin tantancewa, wasu a nan suke yanke jiki su faɗi. Ma'aikatan kamfanoni suna da nasu asusun, asusun tanadi na ƙasa (NPF) na 1961 wanda hukumar inshorar ma'aikata NSITF ta gada a 1993, amma abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Dokar garambawul ta 2004, zamanin Obasanjo, ta aro tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Kowane ma'aikaci ya samu asusun kansa, ana cire kashi 7.5 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 7.5. Dokar 2014 ta mai da su kashi 8 da kashi 10. Aka raba aikin uku: kamfanin da ke juya kuɗin, wato PFA, da wani daban mai ajiyarsu, sai hukumar PenCom mai sa ido. Wannan rabon ya yi amfani, don ya hana mai juya dukiyar riƙe ta a hannunsa.

Sai dai an bar wani giɓi. Doka ta ce ma'aikaci na iya canza kamfani, amma an shafe shekara 16 ba a buɗe ƙofar ba. Mutane da dama sun shiga kamfaninsu ne kawai saboda wakilinsa ya riga zuwa ofis da fom. Ko ka gano maƙwabcinka ya fi ka samun riba, iyakarka ka yi ƙorafi a majalisar hira. Sai ranar 16 ga Nuwamba 2020 PenCom ta ba da damar ƙaura, sau ɗaya a shekara.

Kafin nan, a Yulin 2018, an kasa asusun gida huɗu. Na ɗaya na mai son kasada ne, a lokacin an yarda a zuba har kashi 75 nasa a hannun jari da makamantansa, kuma sai mutum ya nema da kansa. Na biyu nan ake sa duk wanda bai kai shekara 50 ba, na uku na 'yan 50 zuwa sama, na huɗu na waɗanda suka yi ritaya. A 2019 aka ƙara na biyar don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, a 2021 kuma na shida, mara kuɗin ruwa, wanda ya dogara da irin su sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Mutanenmu da suka daɗe suna ƙyamar tsarin saboda kuɗin ruwa sun samu mafita, ko da yake har yau da yawa ba su san da shi ba. Tun daga wannan kason, kwatanta kamfani da kamfani kai tsaye ya zama kuskure. Asusu na biyu na wannan kamfani ake gwadawa da na biyu na wancan.

Batun caji ne ya fi ɓoye wa jama'a. Abin da ake gani a takardar bayani shi ne naira 100 da ake cirewa duk wata, wato 1,200 a shekara, kuma a kanta ake yawan surutu. Babban cajin ana cire shi ne daga jimillar dukiyar asusun kafin a bayyana riba, a raba tsakanin mai juyawa da mai ajiya da hukuma. Ya taɓa zama kashi 2.25 a shekara, daga 2018 aka riƙa rage shi har na asusu na biyu ya sauko 1.65. Wanda ya tara naira miliyan 5 ke nan yana biyan 82,500 duk shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Da yake hukuma ce ke ƙayyade iyakar, kamfanonin kusan kuɗi ɗaya suke karɓa, ba a ganin wani yana karya farashi don jan masu hulɗa.

Saboda haka gasar ta koma kan riba, nan ma tazarar ba ta da faɗi, tunda fiye da rabin dukiyar, wadda ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, rance ce aka ba gwamnatin tarayya ta hanyar takardun lamuni. A ganina ma'aunin da ya fi muhimmanci ba ya cikin tallan kowane kamfani, shi ne hauhawar farashi. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmali na gajeren zango ta faɗi ƙasa da kashi 1, alhali farashin kaya na tashi da fiye da kashi 15. A 2024 hauhawar ta wuce kashi 30. Asusun da ya yi shelar ribar kashi 18 a irin wannan shekarar, lambobinsa sun ƙaru, amma buhunan masarar da kuɗin za su iya saya sun ragu. Shi ya sa mai shirin ƙaura zai fi amfana da duba ribar shekara uku zuwa biyar a jere, ya cire hauhawar kowace shekara, sannan ya tambayi waɗanda suka yi ritaya a kamfanin watanni nawa suka jira kafin kuɗinsu na farko ya shigo.