Kurajen Fuska da Yadda Ake Shawo Kansu

Kurajen fuska, waɗanda wasu ke kira kurajen balaga, cuta ce ta ƙofofin gashi da ke fata. A gindin kowane gashi akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya yi yawa ya cuɗe da matacciyar fata, sai ƙofar ta toshe, ƙwayar cutar da ake kira Cutibacterium acnes ta hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Sinadaran balaga ne ke ƙara maiƙon, shi ya sa suka fi damun samari da 'yan mata, ko da yake mata da dama na fama da su har bayan shekara 30, musamman gab da al'ada. Ba ƙazanta ke kawo su ba, kuma ba a ɗaukarsu a jikin wani. Cuta ce mai lafawa ta dawo, don haka likitoci ke shirya mata magani na watanni.

A baƙar fata, abin da ya fi ƙona rai shi ne tabo. Ƙurji kan baje cikin mako ɗaya, amma baƙin da ya bari ya yi watanni bai gushe ba. Matsa shi da farce na ƙara baƙin, wani lokaci ma ya bar rami.

Abinci

A Jos, kamar sauran garuruwan Arewa, gyaɗa aka fi ɗora wa laifi. Yarinya na fitar da ƙurji za a ce ta rage ƙuli-ƙuli. Bincike bai kama gyaɗa da wannan laifi ba. Inda hujja ta fi nauyi shi ne abinci mai saurin ɗaga sukarin jini: lemun kwalba, farin burodi, shayi mai cokali uku na sukari, kek da cincin. Irin wannan abinci na sa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya hau, shi kuma ya zuga jakunkunan maiƙo. A shekarar 2007 an yi gwaji a Ostireliya kan samari 43 na tsawon mako 12, waɗanda aka sauya wa abinci zuwa mai jinkirin narkewa kurajensu sun fi raguwa. An kuma ga alaƙa tsakanin kuraje da madarar shanu, musamman wadda aka cire wa kitse, da garin furotin na madara da masu ɗaga ƙarfe ke sha, sai dai alaƙar ba ta kai ta sukari ƙarfi ba.

Mutumin Jos bai da uzuri a nan, domin kasuwar Farin Gada cike take da kabeji, karas, koren wake da alayyahu. Gwaten acha mai ganye da yawa, ko wake da kifi, sun fi shayi da burodi safe da yamma. Sauyin abinci na taimakawa, amma shi kaɗai ba ya warkar da manyan kuraje masu mugunya.

Ƙwayoyin ƙarin gina jiki

Sinadarin zinki na da ɗan abin a zo a gani, amma amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Yawansa na tayar da zuciya, iyakar da aka saba bai wa babba ita ce miligiram 40 a rana. Bitamin B12 da B6 masu yawa, irin allurar da ake yi a kemis don "ƙarin jini", su da kansu kan fesar da kuraje. Bitamin A mai yawa na illata hanta da ɗan tayi. Mafi muni shi ne maganin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wanda sau da yawa akwai sitiroyid, wato magani mai ƙarfi na rage kumburi, a cikinsa: yana kawo ƙananan kuraje iri ɗaya a ƙirji, baya da fuska.

Kula da fata

Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi ya isa. Dirza da soso, shafa lemun tsami ko man goge baki na ƙona fata ne kawai. Man kitso mai nauyi da ke gangarowa goshi na toshe ƙofofin gashi, shi ya sa wasu kurajensu ke jeruwa daidai bakin ɗankwali.

Magungunan shafawa da aka tabbatar sun haɗa da benzoyl peroxide, adapalene da azelaic acid. Na farkon yana kashe ƙwayar cuta, amma yana koɗar da launin tufa, mai amfani da shi zai ga rigar filo ko bakin hijabi sun yi fari-fari. Adapalene da dare ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ga dukan fuska, ba kan ƙurji kaɗai ba. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin canji, kuma a nan mutane da yawa ke karaya su watsar. Ko fuska ta washe, ana ci gaba da shafawa don kada su dawo.

Yanayin Jos na da nasa hukunci. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iska na da sanyi amma rana na cizo, kuma ita ke ƙara duhun tabo, don haka man kariya daga rana na da amfani har ga baƙar fata. Lokacin hunturu fata kan bushe ta tsage, magungunan nan kuma su ƙara busar da ita. Dabarar ita ce a koma shafawa kwana ɗaya a tsallake ɗaya, a haɗa da mai marar nauyi.

Mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna sukan ƙunshi sitiroyid irin su clobetasol da betamethasone. Makon farko fuska ta yi sumul, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, kuraje su dawo ninki. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu.

Idan kuraje na da zurfi da zafi, ko sun fara barin rami, aikin likitan fata ne, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Yakan ba da doxycycline, maganin sha mai yaƙar ƙwayar cuta, na wata 3 zuwa 4, ba a wuce haka don kada ƙwayar cuta ta saba da shi. Ga masu tsanani akwai isotretinoin, wanda ke nakasa ɗan tayi, don haka ba a bai wa mai ciki ko mai neman ciki. Macen da kurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa ana duba mata ƙwan mahaifa kafin a tsayar da magani.